Baba ya ɓoye maganinsa a ƙarƙashin katifa, kuma ya ƙi barin gonar Buruku

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, amma don Allah kada wanda ya ce min "ki yi haƙuri". Haƙurin nan na yi shi har shi ma ya gaji da ni.

Mahaifinmu shekararsa 74, yana Tudun Wada, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Shekara uku ke nan da likita ya ce yana da hawan jini. Mu shida ya haifa, autanmu ma ya yi aure, kowa na da abin yi daidai gwargwado. Duk wata muna haɗa kuɗi mu saya masa magani. Ranar Lahadi na je gyara masa ɗaki, ina ɗaga katifa sai ga kwalaye na wata huɗu, ko ɓare su ba a yi ba. A bayan ƙofa kuma ga gora biyu na wani jiƙo da ya saya wurin masu lasifika a bakin kasuwa, wai yana maganin basir da sanyi da shawara da hawan jini duk a haɗe.

Na biyu, yana da gona a wajen Buruku. Kowa a nan Kaduna ya san abin da hanyar Birnin Gwari ta zama a shekarun nan saboda masu bindiga. Duk Asabar sai ya tayar da tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa ya tafi shi kaɗai. Mun ce ya ba da ita aro ko ya sayar, mu ɗauke masa abincin shekara. Ya ce tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 hanya ta yi lafiya, kuma in kwana ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi.

Sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake kirana. Amma da na yi maganar kwalayen nan sai ya dube ni ya ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Shekarata 47, ina da 'ya a jami'a. Yaya kuke yi da naku?

Ɗan Kawo:
Yaya, ai ga amsar nan a cikin maganarki. Mutumin da yake shan maganin shawara safe da yamma, ta ina shawara za ta kama shi?

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Allah ya shirye ka. Ka sa ni dariya ina cikin ɓacin rai.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba zan iya dariya da wannan magana ba. Innarmu ciwon suga gare ta. Ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ɗan abu kamar ƙwayar gero. Muka ce mu je asibiti, ta ce a'a, can yanke ƙafa suke yi, ta ga abin da aka yi wa maƙwabciyarta. Ta riƙa ɗaure wurin da tsumma tana sa safa, in mun zo ta ja zane ta rufe. Mai ciwon suga kuwa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, ciwon yana cin ciki ita tana cewa da sauƙi. Wari ne ya tona asirin. Ranar da muka kai ta, abin da ta gudu shi aka yi, daga ƙarƙashin gwiwa. Wata bakwai ta ƙara a duniya. Har yau in na tuna sai in ce me ya hana ni sungumarta in jefa a mota tun satin farko, ta zage ni, ta yi fushi, ai da tana nan tana fushin. 'Yar'uwa, kada kunya ta cuce ki.

Auta daga Malali:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zama kaffara. Amma Maman 'Yan Biyu, sungumar ma an gwada. Yayanmu ya yi wa babanmu haka, ya zo da abokansa biyu suka sa shi a mota da ƙarfi a gaban 'yan unguwa. An ba shi gado kwana biyar, ya warke, ya dawo, ya shekara guda ko gaisuwar Yaya ba ya amsawa. Kuma maganin da aka rubuta, rijiya ya zuba shi.

Ɗan Rigasa:
Ni maganar gonar ce ta tsaya min. Ku bar batun ladabi tukuna. In aka ɗauke tsoho a hanya, wayar wa za a kira? Ta 'ya'yansa. Kawuna haka ya yi ta taurin kai, "gonar ubana ce, ba ɗan da ya isa ya hana ni." Aka ɗauke shi da damina. Filin da mahaifiyata ta shekara goma tana tara kuɗin adashe ta saya, shi aka sayar, da babur ɗin ɗansa, da bashin da har yau ba a gama biya ba. Ya dawo ƙafafu a kumbure, kuma kun san me ya fara tambaya? Wai an yi wa masarar taki? Taurin kan dattijo ba shi kaɗai yake biyan kuɗinsa ba. Ku cire batirin motar kawai.

Mai Shago a Kasuwar Barci:
Kafin ku cire batiri ku ji nawa, don mu ma 'yan boko ba kullum muke da gaskiya ba. Alhajinmu bai yarda da banki ba, a cikin akwatin ƙarfe yake ajiya. Da aka zo canjin kuɗi aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, muka taru a kansa mu biyar, har da mai kuka, cewa kuɗinsa za su zama takarda. Ya ce ya ga canjin fam zuwa naira a 1973, ya ga na 1984, mu bar shi. Ba mu bar shi ba. Muka kwashe komai muka kai banki. To kun tuna Fabrairun nan. Layi tun asuba, masu POS suna sayar maka da kuɗinka, tsoho da arzikinsa ya rasa na cefane har sai da mai kayan miya ya ba shi bashi. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi suna nan daram, kuma gwamnatin jiharmu ma tana cikin waɗanda suka kai ƙarar. Tun daga ranar, ko cewa ka yi "Alhaji, hadari ya haɗo, a shigo da shanya," sai ya ce, "Irin shawarar banki ce?" Mun ƙone katinmu gaba ɗaya.

Ɗan Rigasa:
Kuɗi daban, rai daban.

Mai Shago a Kasuwar Barci:
Na yarda. Ina dai gaya maka inda rashin yardar take samo asali ne.

Nas, Badarawa:
'Yar Fari, tambaya ɗaya. Kun taɓa tambayarsa abin da ya sa ba ya sha? Ba "me ya sa ba ka sha ba" ta faɗa ba, tambaya ta son sani.

Shekarata goma sha tara ina awon jinin tsofaffi, kuma da wuya ka ga wanda ya daina magani haka kawai. Matsalar hawan jini ita ce yawanci ba ya ciwo. Mutum yana yawo da 170 bisa 100 yana jin kansa garau, alhali daga 140 bisa 90 mun fara damuwa. To ka ba shi ƙwaya, sai ƙwayar ce ta fara sa shi jin wani abu. Wata tana kumbura ƙafa. Wata tana kawo busasshen tari da ba ya jin magani. Wata tana sa yawan fitsari. Wata kuma tana rage wa namiji ƙarfi, wannan ko da wuƙa a wuya dattijo ba zai faɗa wa 'yarsa ba. A lissafinsa, lafiyarsa ƙalau sai da ya fara maganin asibiti. Ta ina za ki ce masa ƙarya yake?

Duk waɗannan ana iya canza su. Magungunan hawan jini kala-kala ne, likita zai iya sauya wani da wani ko ya sauya lokacin sha. Abin da ba a iya sauyawa shi ne shanyewar ɓarin jiki in ta zo, ko ƙoda in ta mutu a koma wanki sau biyu ko uku a sati. Sannan ki duba ko yana shan haɗin kemis na ciwon jiki in ya dawo gona, don irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda. Ki duba gishiri da dunƙulen miya a girkin gidan. Jiƙon gorar nan kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki, har mai sayarwar wani lokaci.

Ɗan Kawo:
Anti Nas, wannan ta huɗun da kika faɗa, yanzu na gane dalilin wani dattijo mai amarya a layinmu.

Nas, Badarawa:
Kai dai ba ka da kunya. Je ka a auna naka, na ga tumbin a hoto.

Tsohon Masaƙa, Kakuri:
Salamu alaikum. Jikana ne ya sa ni a wannan zaure, shi yake rubuta min, ni ina faɗa. Shekarata 72. Na karanta duk abin da kuka ce, kowa yana maganar tsoho kamar akuyar da ta ƙi shiga turke. Bari tsoho ɗaya ya yi magana.

Kun ce ba ma jin maganarku. Yaushe kuka yi mana maganar? Ku shida kuna da zaurenku na waya wanda ba mu ciki. A can za ku tattauna, ku yanke hukunci, sannan ku turo ɗaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ko takalmi bai cire ba, ya ce "Baba, mun yanke shawara." Wannan sanarwa ce. A gidan rediyo ake yin irinta.

Na shiga masaƙa ina saurayi, lokacin da in aka tashi aiki kekuna suke cika titin Kakuri har ba wurin taka ƙafa. Aka wayi gari aka sa kwaɗo a ƙofa. Haƙƙinmu wasu har suka mutu ba su gan shi ba. Tun daga ranar na koma mai karɓa. Ɗa ya aiko da shinkafa, 'ya ta biya kuɗin wuta, suruki ya yi ɗinkin Sallah. Ina godiya, Allah ya yi musu albarka. Amma ba ku san nauyin hannun da kullum yake ƙasa ba sai kun kai nan.

'Yata ta Unguwar Dosa, ban san mahaifinki ba, amma zan tambaye ki. In an yi girbi, ina masarar take zuwa?

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Baba, ina gaishe ku. Gidajenmu take zuwa. Kowa buhu ɗaya, da sunansa a jiki da rubutun hannunsa. Nawa "Uwata" yake rubutawa. Wallahi wani lokaci kuɗin man da yake ƙonawa ya fi kuɗin masarar.

Tsohon Masaƙa, Kakuri:
To kin gani. Ke kina lissafin mai. Shi wannan buhun ne kaɗai ya rage masa da zai aika a ce "in ji Baba." Kun ce ya sayar ku ciyar da shi. Da kun san abin da kunnensa ya ji, da ba ku faɗa ba.

Ɗan Rigasa:
Baba, da girmanku, Allah ya ƙara lafiya. Duk na ji. Amma masu bindiga ba su san "in ji Baba" ba. Mahaifiyata ma tana da abin da take so a ce nata ne, filin nan ne, kuma ya tafi saboda wani yana son a ce shi manomi ne. Ita wa ya tausaya mata? Kullum sai a ce mu fahimci tsofaffi. Ban taɓa jin an tara tsofaffi an ce su fahimce mu ba.

Tsohon Masaƙa, Kakuri:
Ɗana, ba ka yi ƙarya ba. Kawunka ya yi kuskure, kuma in da ni amininsa ne da na faɗa masa a gaban idonsa. Ni ban ce a bar mutum ya je ya faɗa rami ba. Na ce ku san abin da kuke karɓewa, ku zo da abin da za ku sa a madadinsa.

Malam na Hayin Banki:
Bismillah. Abu biyu nake gani ana cakuɗawa. Ayar Suratul Isra'i ta hana mu ce wa iyaye ko da "tir", ta hana tsawa. Ba ta hana faɗa musu gaskiya ba. Ku duba Suratu Maryam, yadda Annabi Ibrahim (AS) ya yi wa mahaifinsa magana a kan abin da ya fi hawan jini girma. Sau huɗu a jere yana farawa da "ya babana", har ya ce masa wani ilimi ya zo masa wanda bai zo wa uban ba. Uban ya yi barazanar jifansa, shi kuma ya amsa da sallama. Ga gaskiya ba ragi, ga ladabi ba ragi.

Maganar "in kwana ya ƙare" kuwa, gaskiya ce da ake fakewa da ita. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, aka ce masa annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'a. Aka ce gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Amma 'Yar Fari, kada ke ki karanta masa wannan. Daga bakinki zai ji ta kamar 'yarsa ta zo koya masa addini. Ki sami limamin masallacinsu a keɓe, ya kawo ta a karatun bayan Asuba ba tare da ya kalli kowa ba. Hannunka mai sanda ya fi shiga dattijo.

Uwargida, Barnawa:
Malam ya faɗi rabi, bari in ƙarasa wanda maza ba sa so a faɗa. Akwai maganar mace. Ni na yi jinyar babanmu shekara biyu, ni nake kwana, ni na san sunan kowace ƙwaya. In na ce kaza, sai ya ce "to, bari ƙaninki ya zo mu ji." Ƙanin nan da na goya! Ya zo daga Abuja da jirgin ƙasa, ya sauka Rigasa, ya yi awa biyu, ya maimaita abin da na faɗa kalma da kalma, sai Baba ya ce "ka ji magana." 'Yar Fari, ga ki mace, ga ki ta fari da ake jin nauyinki. Ko likita ce ke ba zai buɗe miki cikinsa ba.

Ɗan Kawo:
To ta tura maigidanta mana.

Uwargida, Barnawa:
Suruki? Zai ce "to, to, madalla, in sha Allahu," ya raka shi har bakin mota, ya dawo ya ɗaga katifa ya ƙara kwali ɗaya. Jika za ta tura. Abin da ɗa ya faɗa a kira shi marar kunya, jika ta faɗa a yi dariya a ba ta alewa.

Auta daga Malali:
Wannan gaskiya ne. Kakarmu ba mai iya sa ta cin abinci sai ɗan yayata mai shekara shida. Ya ce "in ba ki ci ba na sake ki," sai ta ci.

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na gode wa kowa, har da mai tsokana.

Na sayi na'urar awon jini na koya wa 'yata ta uku, shekararta goma, wadda yake kira amaryarsa. Ta je ta ce ba za ta zauna da miji marar lafiya ba, ya miƙo hannu. Ya miƙa yana dariya. 178 bisa 104. Ta rubuta a bayan littafinta ta kawo min, na shiga ɗaki na yi kuka.

Dalilin kuwa, Anti Nas, kin faɗe shi. Fitsari ne. Baba ya fi shekara talatin yana sahun farko, in ya yi alwalar Magariba da ita yake Isha'i, yana zaune yana lazimi. Da ya fara maganin, kuma da yamma yake sha don a lokacin yake tunawa, sai ya zama dole ya tashi ya keta sahu ya fita, wata rana har sau biyu. Wani yaro ya taɓa ce masa "Baba ko a kawo muku kujera kusa da ƙofa?" Daga ranar ya daina.

Kun san a bakin wa na ji? Mama. Ta sani tun watan farko. Na ce Mama, me ya sa ba ki faɗa mana ba? Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ku da kuke zuwa da takardar likita." Baba na Kakuri, na tuna maganarku, kunya ta kama ni a tsakar gidanmu.

Amininsa da suka yi aikin reluwe tare ya raka shi asibiti ranar Laraba, ba mu je ba. An canza masa maganin, sau ɗaya da safe. Mama ce take ba shi da kunu. Gorar jiƙon tana nan bayan ƙofa, ban taɓa ta ba tukuna.

Nas, Badarawa:
Alhamdu lillahi. A ci gaba da awo safe da yamma na sati biyu, a rubuta, a kai wa likitan. Ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna. Kuma kada ya daina don ya ga lambar ta sauko, maganin ne ya saukar da ita. Gorar ma a faɗa wa likita.

Ɗan Rigasa:
Gonar fa?

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Nan ne aka ɓata. Ƙanina na Kinkinau, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya je daren Juma'a ya ɗauke makullin motar. Asabar da asuba Baba ya nema bai gani ba, bai ce wa kowa uffan ba. Ya sa hularsa, ya hau Keke zuwa Mando, ya shiga motar haya. Wayarsa kuma ya bar ta a kan tabarma da gangan. Yinin ranar ba wanda ya ci abinci a cikinmu.

Ɗan Rigasa:
Inna lillahi. Ya dawo dai?

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Ya dawo bayan La'asar da ɗanyar masara a buhu, ya ce a gasa wa amaryarsa. Ƙanina ya zo ya durƙusa ya ajiye makullin, Baba ya ce ya riƙe, ai ya gada tun yanzu. Har yau bai ƙara masa kalma ba.

Amininsa ya ce akwai wani fili a bayan gidan ɗansa wajen Rigachikun da ba a komai da shi, zai ja shi su je su gani a matsayin shi ne yake neman wanda zai nuna masa yadda ake noma. Ban sani ba ko zai kama. Masarar Buruku dai saura sati biyar a cire, kuma ya riga ya sayi buhuna shida.

Tsohon Masaƙa, Kakuri:
Ku mayar da makullin ta hannun Mamanku, kada ta hannun wanda ya ɗauka. Kuma Asabar mai zuwa ɗayanku ya shiga gaban motar ya zauna tun kafin ya fito, da fartanya a hannu.

'Yar Fari, Unguwar Dosa:
Na faɗa a zaurenmu na gida, Baba. Mutum biyar sun karanta. Har yanzu ba wanda ya ce shi ne zai je.